Sunan da Inna Ba Ta Faɗa Ba a Osaka

Ni 'yar fari ce, kuma har na haura shekara arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Wanda ya tashi a gidan Hausawa irin na da ba sai an yi masa dogon bayani ba. Uwa tana kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane. To Inna ta riƙe wannan abu da hannu bibbiyu, ta hau jirgi da shi har Ingila. Ina ƙarama "ke" ce ni. Da na yi aure na zama "'yar nan". Da muka tare a unguwar Gorton ta Manchester, ƙanena kuma ya ɗauko ta daga Kano ta zauna wurinsa a Sparkhill cikin Birmingham, sai na koma "ta Manchester". In ta bugo waya 'yata ta ɗauka, abin da za ta ce shi ne, "Ba ni mutuniyar."

Na san ba ƙiyayya ba ce. Duk ranar da na je Birmingham, kafin in ajiye jakata ta sa an ɗora miyar kuka, don ta san ita nake so. Amma ba zan yi ƙarya ba, abin yana ci mini rai. Ƙanena shi ne auta, sunansa ba ya sauka daga bakinta, ko ruwan da ke gabanta take so a miƙo mata sai ta kira shi. Ni kuwa na sha ɗana mata tarko. Ranar da muke cike takardar GP, wato likitan unguwa, na zo wurin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya taso, na ɗaga biro na ce, "Inna, sunan wa zan sa?"

Ta ce, "Sa naki mana."

"Mene ne nawan?"

Ta harare ni. "Ke ba ki san shi ba?"

Na ce, "Inna, nan fa Ingila ce, an daina wannan abin."

Ta ce, "Ingilar ce ta haife ki?" Ta ci gaba da jan carbinta. Matar ƙanena tana kicin tana dariya, ni ma na yi. Amma a mota, a hanyar komawa Manchester, ban kunna rediyo ba har na isa gida.

Tafiyar Japan 'yata ce ta jawo ta. Tun tana firamare take fama da zane-zanen mutanen can, ta cika bangon ɗakinta da su, babanta kuma ya yi kuskuren cewa in ta gama jarabawar A-level lafiya za mu je. Ta gama, ta samu jami'a, ta zo ta tsaya masa a ka. A wannan hutun na bazara ƙanena da iyalinsa za su je gida, Inna kuma ta ce gwiwarta ba za ta iya zaryar gaishe-gaishen Kano ba. Sai na ce to ta zo mu tafi tare. Kowa ya ɗauka don kada a bar ta ita kaɗai ne. Gaskiyar magana, so nake in samu uwata kwana goma babu auta a tsakaninmu.

Tambaya ɗaya ta yi: "Can ɗin sun san alƙibla?" Maigidana ya nuna mata a waya, ta ce to. Ta zo Gorton da jaka cike da yaji da garin kunu da kilishi da butarta ta roba. Kilishin muka yi rigima a kai, don ba a shiga ƙasar da nama, ƙarshe maƙwabciyarmu ta ci riba. Butar kuwa ko taɓa ta ban yi ba, na san iyakata.

Osaka ta tarbe mu da wani irin zafi mai ɗanko. Ba zafin Kano ba ne da za ka fake a inuwa ka huta, wannan yana bin ka har cikin riga. A bishiyoyi akwai wasu ƙwari da ke ƙara wuni guda kamar injin niƙa, in ka tsaya ƙarƙashinsu ba ka jin maganar na kusa da kai. Ni na ƙosa tun kwana na biyu. Inna kuwa garin ya shiga ranta. Ta shiga banɗakin otal ta tarar da shadda mai feso ruwa da kanta, ta fito tana riƙe da butarta ta ce, "Ashe wahalar banza na ba ki, 'yar roba." Ta ga ana cire takalmi a bakin ƙofa, ta ga yara suna rusuna wa manya, ta ga jirgin ƙasa cike maƙil amma babu mai ɗaga murya. Wata rana wani saurayi ya tashi ya ba ta kujera, ya koma can nesa ya tsaya yana kallon ƙasa don kada ta yi masa godiya. Ta taɓo jikarta ta ce, "Kin gani? Waɗannan mutane sun san kunya." Da ni take, na gane, na yi kamar ban ji ba.

Rana ta biyar ce abin ya faru. Ƙarƙashin babbar tashar jirgin garin akwai wani garin daban, tituna da shaguna da gidajen abinci, duk a cikin ƙasa, ga sanyin na'ura. Can muka gudu daga rana wajen ƙarfe ɗaya. Fasfo ɗinmu duka huɗu suna jakata. Wayar Inna ba ta aiki a ƙasar, mun bar ta a ɗaki. Katin otal mai adireshi na saka mata a jakar hannunta tun ranar farko, na ja mata kunne a kai, amma ranar kafaɗarta na ciwo, ta ba jikarta jakar ta riƙe. Muka tsaya a wani shago muna zaɓen 'yar fankar hannu, ni ina cewa shuɗiya, yarinyar tana cewa fara. Ban fi minti biyar ba a kan wannan shirmen.

Sai 'yata ta juya ta ce, "Mum, where's Inna?"

Na ce tana bayanmu. Ba ta bayanmu.

Maigidana ya ce mu nemi 'yan sanda nan take. Na ce haba, wane irin 'yan sanda, tsohuwa mai ciwon gwiwa ina za ta je? Mun taso ba ma kai kukanmu ofis sai abu ya gagara, wannan ma laifina ne, na ɗauka. Muka rabu uku muna nema. Hanyoyin nan duk iri ɗaya ne, ka bi wannan ka ɓulla inda ka baro, mutane suna ta kwarara babu mai ture wani, babu mai kallon wani. Ina tafe ina cewa "Inna, Inna", da farko a hankali don kunyar shirun mutanen, daga baya da ƙarfi. Koren mayafi ne a jikinta. Duk koren abin da na hango sai in ruga, in isa in tarar da laima ce ko rigar wata. Na shiga banɗakin mata ya fi sau goma ina leƙa ƙasan ƙofofi ina neman ƙafarta mai lalle. A can na tsaya gaban madubi na ce a raina, shi ke nan, na ɗauko matar nan daga hannun ɗanta don son kaina, na zo na zubar da ita a ƙasar da ko "ruwa" ba ta iya cewa da yarensu ba.

Sai da muka ci awa biyu sannan na sauko, muka je wurin ma'aikatan tasha. Suka yi ta buge-bugen waya cikin ladabi, mu kuma muna tsaye zufa na bin mu. Can wata ta zana mana taswira a takarda. Ta ce akwai wata dattijuwa baƙar fata a wani ƙaramin ofishin 'yan sanda, a sama, can ɗaya gefen tashar.

Ofishin bai fi shagon mai shayi girma ba. Tebur ɗaya, taswira a bango, fanka tana juyawa. Inna tana zaune a bakin wata kujerar ƙarfe, ta cire takalmanta ta jera su a bakin ƙofa, alhali su 'yan sandan da nasu a ƙafa. An ajiye mata shayi mai sanyi a kofin takarda, ba ta taɓa ba. Da ta gan mu ba ta tashi ba. Ta ce, "Kun zo?" Sannan ta ce wa jikarta, "Ba ni jakata."

Abin da ya faru, a yadda ta faɗa, ta ga kamar azahar ta yi, a cikin ramin nan kuwa babu rana balle inuwa. Sai ta ga matattakala ta hau don ta duba sama. Da ta juyo, ƙofofin shiga sun yi mata yawa. Wata tsohuwa mai laima ce ta gan ta tsaye a rana, ta kama hannunta ta kawo ta nan.

Ɗan sandan yaro ne, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, mai siririn wuya. Ya rusuna, ya ja ni gefe, yana magana a wayarsa tana juya masa zuwa Turanci. Ya ce mahaifiyata ta faɗi sunanta, ta ce Birmingham, ta ce "hotel", ta ce "my daughter". Sai ya tambaye ta sunan 'yar, don ya buga wa otal-otal ɗin unguwar ya ji inda aka kama ɗaki da wannan suna. Ya tambaya ya sake tambaya. Ya ba ta takarda da biro ko za ta rubuta. Ya ɗauko takardar ya nuna mini. Fara ce tas, sai ɗigo ɗaya na tawada a tsakiya, inda bakin biron ya daɗe a tsaye har ya huda. Sannan ya sake magana a wayar, a hankali. Ya ce in yi haƙuri da shisshigi, amma kakarsa ma da haka ta fara. Ya ce in mun koma gida a kai ta wurin likita.

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi, har da riƙe ciki, irin ta wanda tsoro ya sake shi. Na ce wa 'yata ta yi masa bayani da Turanci mai sauƙi: a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari. Mijina suruki ne, shi ma ba ta kiran sunansa. Yarinyar kuma sunan uwar mijin Inna aka sa mata, sai laƙabi take kiran ta da shi. Mu uku muka zo da ita, babu ɗaya da bakinta zai iya kira. Yaron ya saurara, kunnuwansa suka yi ja, ya rusuna ya ba da haƙuri har sau uku. Ya miƙa mini takardar da hannu biyu, ban san dalili ba, ni ma na karɓa na cusa a jaka.

A hanyar otal raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, awa uku fa. Da kin buɗe baki kin faɗi kalma ɗaya, da tuni an same mu. Sunan nawa wuta ne?"

Ta ce, "Ai ga shi kun zo."

Sannan ta dube ni. Inna ba ta kallona ido cikin ido, wannan ma cikin kunyar ne, amma ranar ta kalle ni ta daɗe, kamar mai karanta ƙaramin rubutu. Na ɗauka haushina take ji. Sauran kwanakin ba ta sake sakin gefen mayafina ba, a jirgi, a kasuwa, a bakin kogin da aka kai mu ganin fitilu. Ni kuma daɗi nake ji, ina cewa yau ga Inna tana riƙe da ni a gaban jama'a.

Da muka dawo, labarin ya zama abin hirata. Na ba da shi a wurin aiki, na ba da shi a walima a Manchester, na ba da shi a wani suna a Handsworth cikin Birmingham, mata cike da falo. Na iya kwaikwayon ɗan sandan, da rusunawarsa da jan kunnensa. Matasa suna dariya har da hawaye, manya suna girgiza kai suna cewa irin su Inna sun ƙare, a ɓace a ƙasar Japan amma ba a saki al'ada ba. Inna tana zaune a gefe ranar sunan nan. Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Sanyi ya shigo, matar ƙanena ta fara bugo mini waya daga kicin, murya ƙasa-ƙasa. Yau Inna ta yi azahar sau biyu. Yau an tarar da butarta a firji. Na ce tsufa ne, kowa yana yi. Sai ranar da mai shagon nama a Stratford Road ya kira ƙanena, ya ce ga mahaifiyarku a tashar bas ba rigar sanyi, ta ce tana jiran motar Ɗambatta.

GP ya tura mu asibitin masu mantuwa. Na ɗauki hutu na zo. Likitar mace ce mai haƙuri, ta yi wa Inna tambayoyi, ƙanena yana fassarawa. Wace rana ce yau, wane gari muke. Ta ce ta faɗi sunayen 'ya'yanta. Inna ta faɗi na auta nan take. Nawa kuwa bai fito ba. Ƙanena ya yi 'yar dariya ya fara bayani, wannan al'adarmu ce, ba ta faɗin sunan ta fari. Kalmomin da na sa 'yata ta gaya wa ɗan sandan, su ne dai, har jerinsu. Likitar ta gyaɗa kai ta rubuta. Sai ta tambaye mu yaushe muka fara lura da wani abu. Ƙanena ya ce watan jiya. Ta juyo gare ni. Takardar nan mai ɗigo tana cikin jakar da ke kan cinyata, ban taɓa fitar da ita ba tun Osaka. Na ce ni a Manchester nake, ban cika gani ba.

Tun daga ranar tambaya ɗaya take bi na. Tana bi na a mota a kan hanyar Birmingham duk Asabar, tana bi na ina wanke kwano, wani lokaci ina tsakiyar salla. Ranar nan a ofishin nan, kunya ce ta rufe wa Inna baki, ko nema ta yi ta rasa? In kunya ce, to ta gwammace ta ɓace a bayan duniya da ta kira ni, wannan da zafinsa, amma zafin da na saba ne. In kuwa nema ta yi, tana riƙe da biro awa uku tana laluben sunan 'yar da ta haifa, to mutum ɗaya ne ya gan ta a wannan hali, ya gaya mini gaskiya cikin ladabi, na yi masa dariya. Na dawo na mai da abin wasan kwaikwayo a gabanta, tana ji. Babu wanda zan tambaya. Ita kaɗai ta sani, ita kuma kullum raguwa take. Ko a gidana in fanka tana juyawa ɗaki ya yi shiru, sai in ga kujerar ƙarfen nan.

Bazara biyu bayan tafiyar aka yi wani zafi a Birmingham wanda ba a saba ba. Ranar Asabar na iso wajen la'asar. Ƙanena ya fita da yara, matarsa ta ce mini Inna tun safe ta ƙi kwanciya, ta ƙi cin abinci. Na hau sama. Taga a buɗe, fanka tana juyawa. Inna tana zaune a bakin kujera, ba ta jingina ba, ta yafa mayafinta kamar mai shirin fita. Takalmanta suna jere a bakin ƙofa. Shayin da aka kawo mata yana gefe ya huce.

Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a irin wadda take yi wa baƙi. A lokacin ta kai wata uku ba ta gane ni sosai, wata rana ni ƙanwarta ce, wata rana ma'aikaciyar hukumar gari.

Ta ce, "Baiwar Allah, kina jin yarensu?"

Na ce, "Yaren su wa, Inna?"

"Mutanen nan. Yaron nan mai hula, ɗan sandan. Yaron kirki ne, ya ba ni shayi. Yana ta tambayata, ya ba ni takarda, ni kuma abin ya tsaya mini a nan." Ta taɓa goshinta. Sai ta matso, ta kama hannuna, fuskarta ta washe. "Ki gaya masa na tuna."

Na riƙe hannun nata.

Sai ta faɗe shi. Sunana, cikakke, yadda liman ya raɗa shi, ba yadda Turawan wurin aiki suke gutsure shi ba. Ta ja wasalin tsakiya irin na mutanen ƙauyensu. Ashe haka yake a bakinta. Ta sake faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, don kada in yi kuskure.

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "A'a, ba ke ba. 'Yata. Ta farin. Rubuta masa maza, kada ta yi ta nemana a cikin zafin nan, ba ta son zafi."

Na buɗe jakata. Na zaro takardar Osaka, ta yi laushi don daɗewa, ɗigon yana nan a tsakiya. Na ɗora ta a gwiwata na rubuta sunana a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe. Na ce zan kai masa. Ta ce a'a, in ba ta, shi zai dawo ya karɓa. Ta ninke ta huɗu ta ƙulle a bakin mayafinta, ta yi mini godiya, ta sa mini albarka, ta ce Allah ya ba ni 'ya'ya masu jin ƙaina.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta har aka kira magariba. Ita kuma ta gyara zama ta fuskanci ƙofa, tana jira in zo.